Gwajin Manhajojin Intanet Bisa Halinsu: Asalinsa, Kafa Shi da Aiki da Shi

Gabatarwa

Hausawa suna cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Ran 1 ga Oktoba, 1 ga watan da aka ƙayyade a shekara ta 2013, gwamnatin Amurka ta buɗe shafin HealthCare.gov domin jama'a su yi rajistar inshorar lafiya. Shafin ya kasa ɗaukar mutane, ya yi ta tsinkewa, har aka ɗauki makwanni ana gyara. Da majalisar ƙasar ta kira kamfanonin da suka yi aikin, sai suka shaida cewa ba a gwada sassan shafin a haɗe ba sai cikin makwanni biyu na ƙarshe kafin buɗewa. Wannan lacca za ta bayyana wata hanya ta kauce wa irin wannan abin kunya, wato gwada manhaja da na'ura bisa halin da ake so ta nuna.

Asalin Hanyar

Tun wajen shekara ta 2002 Kent Beck ya yaɗa ra'ayin cewa mai tsara manhaja ya fara rubuta gwaji kafin ya rubuta aikin da za a gwada. Wani Bature ɗan Ingila, Dan North, ya lura cewa masu koyon wannan hanya suna rikicewa, ba su san inda za su fara ba, ba su kuma san abin da ya cancanci gwaji ba. Sai ya ba da shawara a daina tambayar "me za a gwada", a koma tambayar "wane hali ake so manhajar ta nuna". A 2003 ya soma rubuta wani kayan aiki mai suna JBehave, a 2006 kuma ya buga maƙalar da ta gabatar da hanyar ga duniya. Bayan haka, a 2008, Aslak Hellesøy ɗan ƙasar Norwe ya fito da Cucumber, tare da salon rubutu da ake kira Gherkin, wanda mutum zai iya karantawa, na'ura ma ta iya bi.

Ginshiƙin Rubutun

Kowane labarin gwaji yana tsaye ne a kan kalmomi uku na Turanci, Given da When da Then. Ta farko tana faɗin yadda al'amura suke kafin a taɓa kome, ta biyu tana faɗin abin da mutum ya aikata, ta uku kuma tana faɗin sakamakon da ake jira. Alal misali, a ɗauki shafin rajistar ɗalibai na wata jami'a. Da Hausa labarin zai kasance kamar haka:

Da yake ɗalibi bai biya kuɗin makaranta ba,
idan ya nemi yin rajistar kwasa-kwasai,
to shafin zai hana shi, ya kuma nuna masa adadin kuɗin da ake binsa.

Abin lura a nan shi ne, ma'ajin jami'a da magatakarda suna iya karanta waɗannan layuka uku su ce daidai ne ko ba daidai ba, ko da ba su taɓa rubuta umarnin kwamfuta ba. Saboda haka, kafin a rubuta kome, akan zaunar da mutum uku: mai buƙatar aikin, da mai tsara manhaja, da mai gwaji. A nan ne tambayoyi masu amfani suke fitowa. Shin wanda ya biya rabi fa? Wanda gwamnatin jiharsa ta ɗauki nauyinsa fa? Kowace amsa sai ta zama sabon labari. Sau da yawa ribar wannan zama ta fi ta gwajin kansa, domin kuskuren da aka kama a baki ya fi wanda aka kama bayan an gama gini sauƙin gyara.

Kafa Kayan Aiki

Ana bukatar abubuwa uku. Na farko, mai karanta labaran. Wanda yake aiki da harshen Ruby ko Java ko JavaScript yana iya ɗaukar Cucumber; mai aiki da Python yana da behave; mai aiki da PHP kuma yana da Behat.

Na biyu, abin da zai tuƙa burauza kamar yadda hannun mutum zai yi, ya buɗe shafi, ya cika gurbi, ya danna maɓalli. Ɗaya daga cikin waɗanda suka daɗe a wannan fage shi ne Selenium, wanda Jason Huggins ya fara a 2004 a kamfanin ThoughtWorks. A 2011 aka haɗe shi da WebDriver na Simon Stewart, a 2018 kuma hukumar W3C ta mai da WebDriver ƙa'ida ta bai ɗaya ga masu ƙera burauza. Akwai kuma Playwright, wanda Microsoft ya fito da shi a 2020.

Na uku, kwafin manhajar da aka keɓe domin gwaji, da rumbun bayanansa na dabam. Ba a yin gwaji a kan shafin da jama'a suke amfani da shi, don kada a share bayanan ɗalibi na gaskiya ko a aika wa mutane saƙon ƙarya.

A ɗauki behave a matsayin misali. Bayan an girka shi tare da Selenium, sai a buɗe folda mai suna features, a zuba labaran a cikin fayilolin da sunansu ya ƙare da .feature. A cikin wannan folda sai a buɗe wata mai suna steps, inda za a rubuta fassarar kowane layi zuwa umarnin Python. Akwai kuma fayil mai suna environment.py, inda ake faɗin abin da za a yi kafin kowane labari da bayansa, kamar buɗe burauza da rufe ta.

Yadda Ake Aiki da Shi

Idan aka kunna gwajin karo na farko, na'ura za ta ba da rahoto cewa ba ta san ma'anar layukan ba, ta kuma kawo ƙwarangwal na umarnin da ya kamata a cika. Sai mai tsara manhaja ya cika su: layin farko ya ƙirƙiri ɗalibin da bai biya ba a rumbun gwaji, na biyu ya shiga shafin ya danna maɓallin rajista, na uku ya duba ko saƙon hani ya bayyana. Da aka sake kunnawa, gwajin zai faɗi, ya nuna ja, tun da ba a riga an gina wannan hali a manhajar ba. Wannan faɗuwa abin so ce, domin ita ce shaidar cewa gwajin yana da ido. Daga nan sai a rubuta aikin har gwajin ya koma kore.

Bugu da ƙari, akan danƙa gwaje-gwajen ga wata na'ura, ta hanyar Jenkins ko GitHub Actions, ta riƙa kunna su duk lokacin da wani ya sauya wani abu a manhajar. Ta haka, idan gyaran da aka yi yau ya ɓata abin da aka gina bara, za a sani cikin mintoci, tun kafin jama'a su gani.

Ramukan da Ake Faɗawa

Rami na farko shi ne rubuta labari da bayanin danne-danne, kamar a ce a danna maɓalli na biyu daga hagu. Ranar da aka sauya fasalin shafin, duk labaran sun rushe. Abin da ya dace shi ne labari ya faɗi nufi, a bar bayanin maɓallai a wuri guda cikin umarni, inda gyara ɗaya zai wadatar.

Na biyu shi ne sha'anin jira. Shafin intanet ba ya bayyana gaba ɗaya a lokaci guda. Wanda ya umarci na'ura ta jira daƙiƙa 5 a kowane mataki ya ɓata lokaci ranar da shafin yake da sauri, ya kuma sami faɗuwar ƙarya ranar da yake da nauyi. Gara a umarce ta ta jira har abin da ake nema ya bayyana, tare da iyakar lokaci. Gwajin da yake faɗuwa yau ya tashi gobe ba tare da dalili ba, ƙarshensa ma'aikata su daina kula shi, ranar da ya faɗi gaskiya kuwa ba mai saurara.

Na uku shi ne labari ya dogara da wanda ya gabace shi. Wajibi ne kowane labari ya tanadi bayanansa, ya kuma share bayansa.

Na huɗu shi ne yawa. Gwaji ta burauza yana da jinkiri da tsada. A littafinsa na 2009, Mike Cohn ya kwatanta tsarin gwaji da dala: ƙananan gwaje-gwaje masu sauri su yi yawa a gindi, na burauza kuwa su zama kaɗan a ƙoli, a keɓe su ga muhimman hanyoyi kamar shiga, da biyan kuɗi, da rajista.

Kammalawa

A taƙaice, wannan hanya tana tattara abu uku a takarda ɗaya: yarjejeniya tsakanin mai aiki da mai gini, da bayanin yadda manhaja take, da gwajin da na'ura take maimaitawa. Sai dai na'ura ba ta duba sai abin da aka rubuta mata. Idan ba a zauna da ma'aji an tambaye shi hukuncin wanda ya biya rabi ba, gwaji zai nuna kore alhali ɗalibai suna tsaye a ƙofar ofis. Don haka duk ma'aikatar da za ta ɗauki wannan hanya, ya kamata ta fara da zaman mutum uku da labari guda mai muhimmanci, ta ga ya yi ja, ta ga ya koma kore, sa'an nan ta ƙara na biyu. Sai an gwada akan san na ƙwarai.