Filin Da Ya Buɗe Wa Jackie Robinson Ƙofa Ya Zama Gidajen Haya

Ranar da na fara shiga Fenway Park ban san komai game da besbol ba. Ina ɗalibi a birnin Boston na Amurka a lokacin, sai wani dattijo baƙar fata da muke maƙwabtaka, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya lura kaɗaici na neman yi mini illa. Ya sayi tikiti biyu, ya ƙwanƙwasa ƙofata ya ce, "Taso, ɗana, yau za ka ga abin da ke hana mutanen garin nan barci."

Kujerar da muka samu ta katako ce, matsattsiya, kuma wani ginshiƙin ƙarfe ya kare mini kusan rabin filin. Na yi ƙorafi, ya yi dariya, ya ce ginshiƙin ya girmi kakana, in ba shi girmansa. A nan ya koya mini wasan: mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai sanda ya buga, ya ruga ya zagaya zango uku ya dawo gida kafin a kashe shi. Kowace ƙungiya tana da damar bugu sau tara, kuma babu agogon da zai tashi wasa. Sai an kashe mutum na ƙarshe ake watsewa, ko da dare ya raba.

An buɗe Fenway ranar 20 ga Afrilun 1912, kwanaki kaɗan bayan nitsewar jirgin Titanic, kuma shi ne fili mafi tsufa da ake buga babbar gasar Amurka a cikinsa har yau. Titunan unguwar ne suka yanka masa siffa, shi ya sa ya fito a karkace. Da ɓangaren hagu ya yi gajarta, sai aka tayar da katanga mai tsawon fiye da mita 11, wadda suke kira Koren Dodo. A gindinta akwai allon maki da har gobe mutane ne ke zaune a cikinsa suna sauya lambobi da hannu. Can cikin kujerun dama kuma akwai guda ɗaya tak ja, wadda ke nuna inda ƙwallon Ted Williams ta faɗa a 1946, tazarar ƙafa 502 daga inda ya buga ta.

Na kamu da son wurin, ba zan ɓoye ba. Amma muna fitowa a daren nan dattijon ya tsaya a bakin titi ya ce mahaifinsa ya rayu a Boston har ya mutu bai taɓa taka ƙofar filin ba, kuma da gangan ya ƙi.

Dalilin yana cikin tarihi. Tun ƙarshen ƙarni na 19 masu ƙungiyoyin babbar gasar suka rufe wa baƙaƙen fata ƙofa, ba tare da wata rubutacciyar doka ba. Sai baƙaƙen suka kafa tasu gasar, wadda Rube Foster ya jagoranci assasa ta a Kansas City a 1920. A watan Afrilun 1945 ƙungiyar Red Sox, mai Fenway, ta kira 'yan wasa uku baƙaƙe gwaji saboda matsin lambar siyasa, cikinsu har da Jackie Robinson. Aka duba su, aka sallame su, ba a sake neman ko ɗaya ba. Red Sox ce ta zo ƙarshe a duk gasar wajen sa baƙar fata a wasa, sai a 1959 da ta ɗauki Pumpsie Green, shekara goma sha biyu bayan wasu sun riga ta.

Wadda ta riga kowa ita ce Dodgers ta unguwar Brooklyn a New York. Ranar 15 ga Afrilun 1947 Robinson ya fito a filinta, Ebbets Field, sanye da riga mai lamba 42. Ya sha zagi daga 'yan kallo da abokan hamayya, ya sami wasiƙun barazanar kisa, ya haɗiye, domin ya yi wa shugaban ƙungiyar, Branch Rickey, alkawarin ba zai rama ba. Wannan ya faru shekara bakwai kafin Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba makarantu bisa launin fata. Tun 1997 an jingine lamba 42 a duk ƙungiyoyin gasar don girmama shi.

Da na sami hutu na hau mota zuwa New York don in ga filin da idona. Na san an rushe shi, amma sani daban, gani daban. Dodgers ta yi ƙaura zuwa Los Angeles bayan kakar 1957, a 1960 aka sa wa filin guduma, aka gina dogayen benaye na haya a wurin. Na zagaya su sau biyu ina neman alama, da ƙyar na sami wani ɗan rubutu a jikin bango da ke cewa nan ne filin yake a da. Wata mata ta wuce da kayan cefane, yara na wasan ƙwallon kwando a gefe. Ban ga laifin kowa ba, mutane na buƙatar muhalli. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, filin da ya kori Robinson yana nan ana yi masa fenti duk shekara, masu yawon buɗe ido na biyan kuɗi su taɓa katangarsa, wanda ya karɓe shi kuwa bai kai shekara hamsin a tsaye ba.

Ba Ebbets kaɗai ba ne. Polo Grounds ya bi shi a 1964. Filin Tigers na Detroit, wanda aka buɗe rana ɗaya da Fenway, an gama rushe shi a 2009. A babbar gasar, Wrigley Field na Chicago, ginin 1914, shi kaɗai ya rage sa'an Fenway. Lissafin masu ƙungiya ba ya sauyawa: tsohon fili ba shi da wurin ajiye motoci, ba shi da ɗakunan alfarma da za a sayar wa kamfanoni, ga wani gari can yana tayin sabon gini da kuɗin haraji.

Akwai fili ɗaya da ya girme su duka, kuma ina jin talaucinsa ne ya cece shi, don babu wanda ya yi kwaɗayin ƙasar da yake kai. Shi ne Rickwood Field da ke Birmingham a jihar Alabama, wanda aka buɗe a 1910. Ƙungiyar Turawa ta Barons da ta baƙaƙe, Black Barons, sun yi tarayya a kansa, kowace da ranarta, a garin da ya yi ƙaurin suna wajen wariya. A nan Willie Mays ya buga wa Black Barons a 1948 yana ɗan shekara 17. Da ƙwararru suka bar filin, 'yan sa-kai ne suka riƙa gyara rufinsa, 'yan makaranta na wasa a ciki.

Sai a 2024 babbar gasar ta waiwaye shi. A watan Mayun shekarar ta shigar da alƙaluman gasar baƙaƙe cikin kundinta, nan take Josh Gibson, wanda ya rasu wata uku kafin fitowar Robinson, ya ture Ty Cobb daga matsayin wanda ya fi kowa yawan dacewa da bugu a tarihi. Aka kuma sa ranar 20 ga Yuni don Giants da Cardinals su kara a Rickwood, a karrama Mays. Ya rasu ranar 18 ga watan, yana da shekara 93.

Na kalli wasan a Abuja, bayan sha biyun dare, ni kaɗai a falo. Kafin a fara, Reggie Jackson, wanda ya yi wasa a filin a 1967, ya ba da labarin gidajen abinci da otal-otal da suka ƙi karɓarsa a garin, muryarsa na rawa, masu gabatar da shirin suka yi tsit. Cardinals ta ci 6 da 5. Na ɗauki waya in kira dattijon Boston, sai na tuna shekara uku ke nan da 'yarsa ta aiko mini da saƙon rasuwarsa.