Dashen Haƙori ga Dattawa da Jita-jitar Tsatsa

Daga cikin maganganun da ke yawo a majalisun Sabon Gari da sauran unguwannin Maraɗi, har zuwa Tibiri da Jiratawa, akwai wadda ta daɗe tana cutar da dattawa, wato cewa wai wanda ya haura sittin ya wuce a dasa masa haƙori, domin ƙarfen da ake kafawa zai yi tsatsa a cikin muƙamuƙi ya ruɓar da ƙashi. Mafi yawan masu wannan magana ba su taɓa ganin ƙarfen da idonsu ba, amma sun sa tsofaffi da dama sun haƙura da giɓi, sun yi sallama da kilishi da ƙuli-ƙuli, sun koma kunu da fura tun ƙarfinsu bai ƙare ba, alhali rashin tauna na rage wa jiki abincin da yake bukata.

Dashen haƙori shi ne a kafa wani ɗan ƙarfe mai zare kamar noti, wanda tsawonsa bai wuce na ƙwayar gyaɗa da yawa ba, a cikin ƙashin muƙamuƙi a gurbin saiwar haƙorin da ya fita, a jira wata uku zuwa shida har ƙashi ya kama shi, sannan a ɗaura masa kan haƙori na tangaran. Ya sha bamban da haƙorin Makka, wanda kwanso ne da ake sa wa haƙori mai rai, da kuma haƙoran roba da ake cirewa da dare.

Zancen tsatsa kuwa ba shi da tushe ko kaɗan. Ƙarfen da ake amfani da shi sunansa titaniyom, kuma da zarar iska ta taɓa shi sai wata siririyar fata ta rufe shi, wadda ke hana yawu da jini cinsa. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ne ya lura a 1952 cewa titaniyom ɗin da ya saka a ƙashin ƙafar zomo don wani bincike dabam ya ƙi cirowa, domin ƙashin ya manne da shi tamkar tare aka halicce su. A 1965 ya dasa wa wani mutum mai suna Gösta Larsson haƙora a birnin Gotenbag, kuma mutumin ya ci gaba da tauna da su har rasuwarsa a 2006, wato ƙarfen ya tsufa tare da mai shi fiye da shekara 40 ba tare da tsatsa ba. Abin mamaki shi ne, mutanen da ke tsoron ɗan wannan ƙarfe su ne suke murna idan aka sa wa ɗansu ƙarfe a cinya bayan hatsarin kabu-kabu, alhali sau da yawa dangin ƙarfen ɗaya ne. Game da shekaru kuma, wanda likitoci kan ce ya dakata shi ne yaron da muƙamuƙinsa bai gama girma ba, yayin da ake dasa wa 'yan saba'in da tamanin idan lafiyarsu ta ba da dama. Masu cewa dashe canja halitta ne kuwa sai su tuna da sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinariya.

Abubuwan da ke hana dashe kamawa sanannu ne, kuma tsufa ba ya cikinsu. Ƙashin da aka cire wa haƙori yakan fara motsewa tun a watannin farko, saboda haka wanda ya yi shekara goma da giɓi yana iya tarar da ƙashin ya yi sirantar da sai an ƙara masa kafin ya riƙe komai. Ciwon suga da ba a daidaita ba yana hana rauni warkewa, sigari da taba gari suna yin haka nan, ciwon dasashi kuwa, wanda shi da ruɓewa ne suke zubar da yawancin haƙoran da ake ɗora wa tsufa laifinsu, yakan bi dashen ya cinye ƙashin da ke kewaye da shi. Mutanen Tibiri da suka tashi a kan ruwan famfon nan mai yawan sinadarin fuloraid, wanda ya lanƙwasa ƙasusuwan yara masu yawa daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa wajen 2000, ya kamata su shaida wa likita wannan tarihi.

Abin takaici shi ne, dattijon da ya ƙi asibiti don tsoron tsatsa shi ne za a gani zaune a kan benci gaban mai sa haƙori na kasuwa, wanda zai kwaɓa wata roba mai wari ya liƙa haƙori a jikin maƙwabtansa, ya kira abin dashe. Ƙarƙashin wannan liƙi abinci ke taruwa inda asuwaki ba ya kaiwa, har lafiyayyun haƙora biyu su bi wanda ya faɗi, ga kuma kayan aikin da ba a dafa ba, masu iya ɗauko ciwon hanta daga wani bakin zuwa wani.

Wanda ke son dashe ya fara da likitan haƙori na asibiti, ya yarda a ɗauki hoton muƙamuƙinsa, a auna masa suga da hawan jini, ya kuma tafi da kwalayen duk magungunan da yake sha, musamman masu tsinka jini da na ƙarfafa ƙashi. Idan aka tura shi Yamai, ko Kano inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake da sashen haƙori, ya tambayi jimillar kuɗin da yawan zuwan da zai yi, domin aikin yana da tsada ƙwarai kuma ba ya ƙarewa a zama ɗaya, ya kuma karɓi takardar da ke nuna samfurin ƙarfen, saboda likitan da zai gyara masa wata rana. Wanda bakinsa ya zama wayam ba ya bukatar dashe 32, tunda biyu a muƙamuƙin ƙasa kan isa su riƙe haƙoran roba su daina rawa. Wanda aljihunsa bai kai ba, haƙoran cirewa da likita ya auna masa za su mayar masa da tauna daidai gwargwado. Bayan an dasa kuwa, sai buroshi mai laushi safe da dare, da sakace tsakanin haƙora bayan goro, da komawa wurin likita aƙalla sau ɗaya a shekara ko da babu ciwo, domin dashe ba shi da jijiyar da za ta yi zogi da wuri idan ƙashi ya fara lalacewa.