Lokacin da Mura ke Tona Asirin Ciwon Sukari

Yaro zai yi makonni yana yawan shan ruwa, yana yawan fitsari, har ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da bari, yana kuma ramewa, ba wanda ya kula. Sai mura ko gudawa ta kama shi, cikin kwana biyu ya galabaita. A asibiti a tarar sukarin jininsa ya yi sama, jinin kuma ya yi tsami. Likitoci na kiran wannan yanayi ketowasidosis, kuma sau da yawa da shi ake fara gano ciwon sukari nau'i na 1.

Sinadarin insulin ne ke shigar da sukari cikin ƙwayoyin jiki. A irin wannan yaro, garkuwar jikinsa ta daɗe tana lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin, saura kaɗan ke fafutuka. Da bairos ya shigo, jiki kan saki sinadaran ko-ta-kwana irin su kotisol da adirenalin, masu hana insulin aiki, su kuma sa hanta ta ƙara zubo sukari. Ɗan abin da ya rage sai ya gaza. Jiki ya koma ƙona kitse, kitsen ya haifar da sinadaran keton, su taru su tsamar da jini. Zazzaɓi da amai su ƙarasa ƙafar da ruwan jiki.

Ko bairos kan haddasa ciwon tun daga tushe? A 1979 masu bincike a Amurka sun samo bairos ɗin Koksaki B4 a fankiriyas (gaɓar da ke samar da insulin) na wani yaro ɗan shekara 10 da ketowasidosis ya kashe, suka sa wa ɓeraye, ɓerayen suka kamu da ciwon sukari. A 2020, lokacin korona, Jamus ta ga ƙaruwar yaran da suka iso asibiti jininsu ya riga ya yi tsami, ko da yake jinkirin zuwa asibiti na da hannu a ciki.

Abin takaici shi ne yadda alamun ke ruɗar mutane. Amai da ciwon ciki a ce taifot ne, numfashi mai zurfi da sauri a ce ciwon huhu, magagi a ce maleriya. Alhali ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa a gane. Yaron da ke zazzaɓi da amai amma fitsarinsa bai ragu ba, ko bakinsa na ƙamshin 'ya'yan itace, a auna masa sukari nan take. Maganin ketowasidosis ƙarin ruwa ne da insulin da sinadarin fotashiyam, kuma sai a gadon asibiti.