Wa Ke Tantance Maganin da Muke Sha?

A nan Gana, alhakin tantance magani yana wuyan Hukumar Kula da Abinci da Magunguna, wadda ta samo tushe daga dokar 1992, aka kuma ƙara mata iko da dokar lafiyar jama'a ta 2012.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana auna irin waɗannan hukumomi bisa matakai 4. Mataki na 3 shi ne tsari ya kafu, yana aiki yadda ya kamata. Tanzaniya ce ta fara taka shi a Afirka a 2018, Gana ta biyo baya a 2020, Nijeriya da Masar a 2022. A shekarar ce Singafo ta zama ta farko a mataki na 4.

Sai dai hatimi ba ya tsaron iyaka. A 2022, yara kimanin 70 suka rasu a Gambiya bayan shan gurɓataccen maganin tari da aka shigo da shi daga waje.

Saboda haka, 'yan'uwa mazauna zango, kafin mu sayi magani, mu duba lambar rajistar hukumar da ranar ƙarewar wa'adinsa a jikin kwali. Wanda ba shi da su, mu bar wa mai shi kayansa.