Ɗigon Ruwan da Ke Ɓata Hoto a Madina

A shekarar 1861 wani injiniyan sojan Masar, Muhammad Sadiƙ Bey, ya shiga Madina da akwatin ɗaukar hoto, ya ɗauki hotunan da ake ƙirgawa a matsayin na farko na birnin Manzon Allah (SAW). A kan gilashi ya ɗauke su, ta hanyar da Frederick Scott Archer ya fito da ita a Ingila a 1851: a shafe gilashin da sinadari, a ɗauki hoton, a wanke shi tun da danshinsa, duk cikin kamar minti 15. In ya bushe kafin nan, aiki ya lalace. Busasshiyar iskar da ke saurin busar da irin wannan gilashi ita ce har yau take wahalar da mai wanke fim a garin, sai dai shi a wurin shanya take kama shi.

Duk wanda ya leƙa cikin butar shayi ya ga farin ɓawon da ke manne mata, to ya ga asalin tabon ruwa. Ruwan famfo yana ɗauke da narkakken alli da wasu gishirori. Yawancin ruwan Madina daga Yanbu ake turo shi, tafiyar fiye da kilomita 200, bayan an tace ruwan teku an ƙara masa ma'adinai don ya yi daɗin sha, sannan ya kwana a tankin gida. Idan ɗigo ya tsaya a jikin fim, ruwan ya tafi, allin ya zauna a matsayin farin zobe. Na bayan fim, wato ɓangare mai sheƙi, yakan goge da tattausan ƙyalle. Na gaban kuwa shi ne abin tsoro, domin can hoton yake, a cikin shafen jelatin da ke kumbura in ya jiƙe kamar ƙaro. Inda ɗigo ya tsaya yakan makara wajen bushewa, jelatin ɗin ya motse ba daidai ba, zanen ya shiga jikin hoton, kuma sau da yawa ko an sake wanki ba ya fita.

Saboda haka a ganina maganin tabo yana cikin ɗaurayar ƙarshe, tun kafin a kai ga igiyar shanya. A yi ta da tataccen ruwan da babu ma'adini a cikinsa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, amma a tabbata ba mai asid ba ne. A ɗiga sinadarin da ke sa ruwa ya zame, kamar Photo-Flo na Kodak ko Ilfotol na Ilford, kashi 1 cikin 200 na ruwa. Fim ya yi kamar minti ɗaya a ciki, a rataye shi, a maƙala masa abu mai ɗan nauyi a ƙasa. Wanda ya zuba sinadarin da yawa zai samu kumfa da maiƙo. Wani zai ce ruwan gora ai mai tsabta ne. Tsabtar sha daban, ya duba takardar da ke jikin gorar zai ga jerin ma'adinan da ke ciki. Fim mai launi yana da nasa ruwan ɗauraya na ƙarshe, kuma ba a bin bayansa da wani ruwan.

Akwai ƙwararrun da ke share fim da roba ko tsakanin yatsu biyu, suna cewa sun shekara suna yi lafiya lau. Ban ƙaryata su ba, amma jiƙaƙƙen jelatin laushi gare shi, ƙwayar yashi ɗaya a bakin robar za ta ja layi daga hoton farko har na 36, kuma Madina gari ne mai ƙura. Masu cewa zafin garin, da kan haura digiri 40 a bazara, ya sauƙaƙa aiki su ma sun yi kuskure, don saurin bushewa ne ke kama ɗigo kafin ya gangara. Gara banɗaki: a saki ruwan zafi tururi ya kwantar da ƙura, a kashe fanka, a rataye, a rufe ƙofa na wasu sa'o'i. Takardar hoto mai rufin leda tana jure sharewa a hankali, ta zalla kuwa a kife ta kan raga mai tsabta.

To wa ya damu da fim a zamanin waya? Tsakiyar Madina ta sauya tun faɗaɗa Masallacin Annabi a zamanin Sarki Fahad, tsoffin unguwanni irin su Haratul Agawat sun tafi, otal-otal sun tsaya a kewayen Harami. Lungunan nan sai a hoto, wasu hotunan kuma suna cikin akwatunan alhazai a Kano da Maraɗi da gidajen Hausawan da suka zauna a Madina. Idan damina ta jiƙa nagetif ɗin irin waɗannan hotuna, wato wankakken fim ɗinsu, ko ya manne da ɗan'uwansa, kada a ɓamɓare shi, kada a goge da hannun riga, kada a baza shi a rana. A kai wa wanda ya san aikin, a kuma tambaye shi da wane ruwa zai yi ɗaurayar ƙarshe.