Ƙwayoyin gado da gashin zomo

Tsawon gashin zomo da laushinsa suna ƙarƙashin ikon ƙwayoyin gado da yake karɓa daga uwa da uba. Zomon gida yana da kromosom 44, rabi daga kowane ɓangare.

Yadda gashi ke girma

Kowane gashi yana fitowa ne daga wani ɗan rami a cikin fata, kuma an gina shi da furotin mai suna keratin. Ramin yana bin matakai uku: na girma, na tsayawa, da na hutu, inda tsohon gashi ke zubewa sabo ya fito. Gwargwadon daɗewar matakin girma, gwargwadon tsawon gashin.

Zomon Angora

Ƙwayar gado mai suna FGF5 ce ke ba ramin umarnin daina girma. An gano haka a 1994 a jikin ɓeraye: waɗanda aka kashe musu ita sun fitar da dogon gashi. Bincike ya danganta sauyi a wannan ƙwayar da dogon gashin zomon Angora, wanda sunansa ya samo asali daga tsohon sunan birnin Ankara na Turkiyya. Gashinsa yakan ƙaru da kimanin santimita 3 a wata.

Wannan hali ɓoyayye ne, ba ya bayyana sai zomo ya gaje shi daga iyaye biyu. Idan aka haɗa Angora da zomo mai gajeren gashi zalla, 'ya'yan duka za su zo da gajeren gashi. Idan aka haɗa 'ya'yan da junansu, kusan ɗaya cikin huɗu na jikokin zai zo da dogon gashi.

Zomon Rex

Rex ya bayyana a Faransa a 1919. Gashinsa gajere ne mai taushi kamar karammiski, domin dogayen gashin waje sun gajarce. A 2011 masu bincike a Faransa suka gano cewa ɓacewar harafi ɗaya na DNA a ƙwayar LIPH ce sanadi.

Muhimmanci ga kiwo

Sin ce kan gaba wajen samar da ulun Angora a duniya. Sai dai dogon gashi yana da haɗari: zomo yana haɗiye gashi idan yana lasar jikinsa, kuma ba ya iya amai, don haka gashin na iya toshe masa ciki har ya mutu. Shi ya sa makiyaya ke yi masa aski kusan duk bayan wata uku.