TUKUNYAR GUGUWA: ƘOFAR SHIGA ITA CE TUSHEN AIKI

Tun da aka gama madatsar ruwan Watari a ƙasar Bagwai cikin 1980, noman rani ya zauna da gindinsa a wannan yanki, ana noma shinkafa da tumatir da albasa. Amma ruwan da injin ban ruwa ke jawowa daga rafi ko rijiya ba shi kaɗai ya ke tahowa ba. Ya kan zo da rairayi, wanda ke cinye cikin famfo, ya toshe ƙananan hudojin bututu, manomi ya yi ta kashe kuɗin gyara ga amfanin gona na jin ƙishirwa. Akwai wata na'ura mai raba ruwa da rairayi, ko ruwa da iska, wadda ya kamata malamai da akawuna su san yadda ta ke aiki. Turawa na kiranta saikulon, mu kuwa bari mu ce da ita tukunyar guguwa.

Ita dai tukunyar ƙarfe ce doguwa, mai kewaye kamar ganga, da mafita ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Babu wani abin da ke motsi a cikinta sai ruwan da ya shiga. In ruwan ya kama juyawa, abu mai nauyi ya kan yi wajen bango ya gangara, marar nauyi ya taru a tsakiya ya haura. Hikimar ta yi kama da ta mace mai rege shinkafa, wadda ke juya ƙwarya har tsakuwa ta ware. Ba sabon abu ba ne, gama tun 1891 wani Ba'amurke, Bretney, ya yi rajistar irin wadda ke tsabtace ruwa.

To, me ke sa ruwan juyawa? Ƙofar shiga ce. A nan akwai sharuɗɗa uku.

Na farko, tilas bututu ya shigo ta gefe, yana shafar bango. In aka nufe shi da tsakiyar tukunya, ruwan zai bugi bangon da ke fuskantarsa ya tarwatse, ba juyi, ba rabuwa.

Na biyu, faɗin ƙofa. In aka matse ta ruwa ya kan ƙara gudu, in gudu ya ninka biyu kuwa, ƙarfin da ke tura abu mai nauyi wajen bango ya kan ninka huɗu. Amma kada a ce tun da haka ne a matse ta ƙwarai, domin inji zai sha wuya ya ƙara shan mai, rairayi ya ƙwaƙule bango, ruwa kuma ya farfashe ya zama feshi, iska ta tafi da shi.

Na uku, karkatar bututu. Wannan masu haƙar man fetur suka fi bincika shi, domin ɗanyen mai, irin wanda aka fara samu a Nijeriya a Oloibiri cikin 1956, tare da iskar gas da ruwa ya ke fitowa daga rijiya. Wajen shekarun 1990 masanan Jami'ar Tulsa ta Amurka, tare da kamfanin Chevron, suka gano cewa in bututu ya shigo a miƙe, ruwa ya kan kewayo ya tare bakin ƙofa, iska ta kwashe shi ta yi sama da shi. Da suka sunkuyar da bututun kimanin digiri 27, sai ruwa ya kwanta ƙasa, iska ta bi ta kansa tun ba su shiga ba, sa'an nan ruwan ya zagaya ta ƙarƙashin ƙofar, ya bar wa iska hanya. Wannan ilmi ya shafe mu, gama cikin 2020 aka soma shimfiɗa bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano, kuma iskar da za ta bi irin wannan bututu sai an raba ta da ruwa tukuna.

Malami na iya nuna wa yara wannan ba tare da kashe ko kwabo ba. A cika kwalba biyu da ruwa, a kife ɗaya haka nan, ɗayar a juya ta tukuna. Ta farko za ta yi ta ɓulɓul, ruwa da iska na kokawa a baki. Ta biyu kuwa ruwa zai bi bango, iska ta haura ta tsakiya, ta riga ta farko ƙarewa. Sa'an nan a zuba ƙaiƙayi a bokiti, a saki ruwan tiyo a tsakiya, a sake gwadawa ta gefe, yara su faɗi bambancin da bakinsu.

Saboda haka duk wanda aka ɗora wa sayen irin wannan tukunya domin gona ko rijiyar gari, ya fara duba ƙofarta, ya kuma tabbata girmanta ya dace da ƙarfin famfonsa. Babbar tukunya a kan ƙaramin famfo asarar kuɗi ce, domin ruwa ba zai sami gudun da zai juya ba. Allah ya sa mu amfana.